Darasi na 9: Zanen Faifai da Zanen Sanduna

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar manoma, ko ya dubi bangon ɗakin shan magani, ko aka turo masa sakamakon zaɓe ta WhatsApp, ya ga wani zane mai kama da faifai, an yayyanka shi daga tsakiya, kowane yanki da launinsa. Zanen faifai za mu riƙa kiransa a nan. Aikinsa shi ne ya nuna yadda aka kasafta abu guda: faifan gaba ɗayansa shi ne ɗari bisa ɗari, kowane yanki kuma kason wani ne. Yana da kyan gani, kwamfuta kuma tana fitar da shi ba wahala, shi ya sa ya cika rahotannin ofisoshi. Amma sau tari dattijo zai ƙura masa ido, ya gyaɗa kai, a tashi taro bai ƙaru da komai ba, kunya kuma ta hana shi tambaya. Sai ya ɗauka ƙarancin karatunsa ne. Galibi ba laifinsa ba ne. Zanen ne bai dace da tambayar da ake son amsawa ba, kuma ko wanda ya gama jami'a aka miƙa wa, laluben zai yi.

A wannan darasi za mu ga dalilin haka, sannan mu koyi zanen da ya fi shi, wanda kowa zai iya yi da fensir da littafin lissafi mai gida-gida.

Mu fara da gida

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. A ƙidayar jama'a ta shekarar 2006, idan aka dunƙule alƙaluman don sauƙin lissafi, Daura tana da mutum wajen dubu 220, Baure da Mai'aduwa kowacce wajen dubu 200, Zango wajen dubu 155, Sandamu kuma wajen dubu 137. In an haɗa, an sami dubu 912.

Mai son zana faifai da waɗannan alƙaluma sai ya fara fitar da kason kowa cikin ɗari: ya raba adadin ƙaramar hukuma da jimillar, ya ninka da 100. Daura ta tashi da kashi 24, Baure 22, Mai'aduwa 22, Zango 17, Sandamu 15. Daga nan sai ya mayar da kason ya zama kusurwa. Kewayen da'ira digiri 360 ne, wato kowane kashi ɗaya cikin ɗari yana cin digiri 3.6. Yankin Daura zai buɗe da digiri 87, na Baure da na Mai'aduwa 79 kowanne, na Zango 61, na Sandamu 54. Ku lura da yawan lissafin da aka sha kafin a ja layi ko ɗaya.

To, a ce an gama, an shafa launi, an manna a bangon aji, aka tambaye ku: tsakanin Daura da Baure, wace ce ta fi yawan jama'a? Yankin Daura yana kallon dama, na Baure yana kallon ƙasa, na Mai'aduwa ya karkata hagu. Dukkan ukun sun yi kusa da kwata. Digiri 8 ne kacal tsakanin Daura da Baure, kuma a cikin wannan 'yar tazara mutum dubu 20 suka ɓace wa ido. Haka Zango da Sandamu: mutum dubu 18 ne tsakaninsu, amma a faifai sai ka rantse yanka ɗaya aka yi musu. Mai kallo ba shi da mafita sai ya koma karanta lambobin da aka rubuta a gefe. In kuwa sai an karanta lamba za a gane, to zanen bai yi aikin da aka zana shi dominsa ba.

Ku tuna yadda ake zaɓen rake. Mai saye yakan ɗauki kara biyu ya dangwara gindinsu a ƙasa wuri ɗaya, ya dubi kansu. Wanda ya ɗara ɗan'uwansa ko da gaɓa ɗaya ce, nan take an gan shi, ba musu. Abin da ya sa aka gani shi ne sun tashi daga wuri ɗaya kuma sun nufi gefe ɗaya. Zanen sanduna ke nan. Ga alƙalumanmu na ɗazu, kowane gida ɗaya yana tsaye a madadin mutum dubu 20:

■■■■■■■■■■■ Daura, dubu 220
■■■■■■■■■■ Baure, dubu 200
■■■■■■■■■■ Mai'aduwa, dubu 200
■■■■■■■■ Zango, dubu 155
■■■■■■■ Sandamu, dubu 137

Ba a nemi kaso cikin ɗari ba, ba a auna kusurwa ba, ba a sayi fenti ba. Duk da haka ko wanda bai fara haɗa baƙi ba zai nuna muku wadda ta fi tsawo, ya nuna biyun da suka yi kunnen doki, ya nuna ta ƙarshe.

Abin da masana suka gano

Mutum ɗaya ne ya fito da zanen nan biyu, wani ɗan ƙasar Sikotlan mai suna William Playfair. A shekarar 1786 ya buga littafi a kan cinikin Ingila da sauran ƙasashe, inda ya yi amfani da zanen layi da zanen sanduna. Sai a 1801 ya fito da zanen faifai, ya nuna yadda ƙasar daular Turkawa ta kasu tsakanin Asiya da Turai da Afirka. Yanki uku kawai ya yanka. Mu da muka zo daga baya ne muke cusa yanki goma ko fiye a faifai ɗaya.

A shekarar 1984 wasu masana lissafin ƙididdiga biyu a Amurka, William Cleveland da Robert McGill, suka gwada abin a kan mutane. Sun riƙa nuna musu zane iri-iri suna tambayarsu su ƙiyasta girman wani sashe idan an gwada shi da wani. Sakamakon ya nuna mutane sun fi dacewa da amsa idan abubuwan sun tashi daga layi ɗaya, kamar sandunanmu na sama, kuskurensu kuma ya fi yawa idan kusurwa ce aka ce su auna da ido. Haka Allah ya yi idon ɗan Adam: gwani ne wajen gwada tsawo, yana da rauni wajen gwada buɗewar kusurwa da faɗin fili.

Yadda ake zana sanduna su faɗi gaskiya

Zanen sanduna ma ana iya ɓata shi, kuma hanyar ɓata shi da ta fi yawa ita ce a yanke gindinsa. Dole kowace sanda ta tashi daga sifili. Ku duba abin da zai faru in mai zane ya ce takardarsa ƙarama ce, bari ya fara ƙirga daga dubu 130. Sandar Daura za ta sami tsawon dubu 90, ta Sandamu tsawon dubu 7. Mai kallo zai ga kamar Daura ta ninka Sandamu kusan sau goma sha uku, alhali ko ninki biyu ba ta yi ba: kowane mutum 10 na Sandamu, Daura tana da 16. Ba a canza lamba ko ɗaya ba, amma an yaudari ido. Wani da gangan yake yin haka don ya kambama aikinsa, wani kuma kwamfuta ce ta yi masa bai lura ba. Ko ma wanne ne, idan aka miƙa muku zanen sanduna, gindinsa za ku fara dubawa kafin kansa.

Bayan wannan, a jera sandunan daga babba zuwa ƙarami. Jeri shi kaɗai yana amsa rabin tambayoyin da za a yi. Wurin da ba a bin wannan ƙa'ida shi ne inda abubuwan suke da jerinsu na asali, kamar watanni ko shekarun haihuwa; ba a ɗauko Agusta a sa shi gaban Yuni don ya fi shi ruwa. A rubuta suna da adadi a jikin kowace sanda, kada a tura mai karatu wani ɗan akwati a gefe yana neman ko kore na wane ne, ja na wane ne. Wannan ya fi muhimmanci a wajenmu, domin yawancin takardun da ke yawo a taro hoton kwafi ne baƙi da fari, kuma faifai mai launi shida in ya bi ta injin kwafi, toka-toka yake fitowa gaba ɗaya. Launi ɗaya ya ishi sanduna. Idan akwai wadda ake son a lura da ita, ita kaɗai a duhunta.

Kada a manta da kan magana da shekara. Alƙaluman da muka yi aiki da su na 2006 ne. Jama'a ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma an ɗage ta. Zanen da bai faɗi shekararsa da inda aka samo alƙalumansa ba, mai kallo zai ɗauka na bana ne.

Inda faifai yake kasawa gaba ɗaya

Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34 da mutum kusan miliyan 5.8 a ƙidayar 2006. Ku ƙaddara an yanka faifai gida 34. Yawancin yankunan za su zama siraran tsinke masu kama da juna, sunayen ma ba su da wurin zama. Sanduna 34 kuwa, a kwance, shafi ɗaya ya ɗauke su, kowa ya bi da yatsa ya nemo garinsu ya ga matsayinsa.

Wani lokaci ko sandunan ba su wadatar. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, hukumar zaɓe ta bayyana cewa a Jihar Katsina Atiku Abubakar na PDP ya sami ƙuri'a 489,045, Bola Tinubu na APC 482,283, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP 69,386, Peter Obi na LP 6,376. Ƙuri'a 6,762 ce ta raba na ɗaya da na biyu, wato ko kashi ɗaya cikin ɗari ba ta kai ba. A faifai wannan bai wuce digiri biyu da ɗan ɗoriya ba, babu idon da zai gane wanda ke gaba. A sanduna za a ga ɗan bambanci in an matso kusa. Amma abin da ya fi duka a nan shi ne jadawali: sunaye huɗu, lambobi huɗu, an jera su lamba a ƙarƙashin lamba. Idan abubuwan kaɗan ne kuma ainihin adadin ake nema, a rubuta adadin kawai. Ba kowane lissafi ne yake buƙatar zane ba.

Akwai wani tarko da ya fi shafar manoma da 'yan kasuwa, shi ne a jera faifai biyu, na bara da na bana. Mu ɗauki misali. Wani manomi bara ya sami buhu 20 na amfanin gona, 10 daga ciki gero ne, saura dawa da wake da gyaɗa. Bana Allah ya buɗa masa ya sami buhu 30, gero 12, domin ya ƙara wake da riɗi. A faifan bara gero ya cinye rabi. A na bana ya koma kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya dubi faifan biyu zai ce geron mutumin nan ya ja baya, alhali buhu biyu ya ƙaru. Faifai kaso yake nunawa, yana ɓoye yawa, domin faifan buhu 20 da na buhu 30 girmansu ɗaya a takarda. Gyaran shi ne a ba kowane iri sanda biyu a manne da juna, ta bara mai haske, ta bana mai duhu. Nan za a ga gero ya ɗan ɗaga, wake ya yi tsalle, riɗi ya fito daga babu.

Idan kuma abin da ake bi yana tafiya ne wata bayan wata, zanen layi ne maganinsa. Duk mai sayen hatsi ya san farashin tiyar gero yakan sauka da kaka, ya riƙa hawa har tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. A jera watanni a ƙasan takarda daga hagu zuwa dama, kuɗi a gefe daga ƙasa zuwa sama, a ɗiga ɗigo a farashin kowane wata, a haɗa ɗigon da layi. Wanda ke zuwa kasuwar Mai'aduwa duk Lahadi, in ya riƙa rubuta farashin tiya a bayan littafinsa, kafin shekara ta zagayo yana da zanen da zai nuna masa lokacin saye da lokacin sayarwa. Faifai ba ya iya wannan ko kusa, domin watanni ba kason abu guda ba ne.

Wannan batu na abu guda shi ne sharaɗin faifai na farko, kuma ana yawan karya shi. A ce an tambayi mata 40 na wani aji sana'arsu: 22 suka ce ƙuli-ƙuli, 18 awara, 15 ɗinki. In an haɗa 55 ne, sun fi matan yawa, saboda wasu suna yin sana'a fiye da ɗaya. Duk faifan da aka zana da irin wannan lissafi ƙarya ne tun daga tushe. Sanduna uku kuwa ba ruwansu, kowacce ta faɗi nata. Haka nan a guji faifan da kwamfuta ke kwantarwa ta yi masa kauri kamar an ɗauki hotonsa daga gefe. Yankin da ke gaba yakan fito ya fi girmansa na gaskiya, na baya kuma ya tsuke.

Inda faifai yake da amfani

Ba a ce a jefar da shi ba. Ido ya san rabi, ya san kwata, kuma idan tambayar ita ce "nawa ne kason wannan a cikin duka?", faifai mai yanki biyu ko uku yana amsawa da kyau. Malamin da ke koyar da rabon gado zai iya nuna cewa idan mace ta rasu ba ta bar zuriya ba mijinta yana da rabi, idan ta bar 'ya'ya yana da rubu'i; faifai biyu sun isa ɗalibi ya riƙe wannan. Haka zakkar amfanin gona idan ya kai nisabi: ushuri, wato ɗaya cikin goma, ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushuri ga abin da aka shayar da inji, irin na masu noman rani a bakin madatsun Sabke da Daberam. Yanki ɗaya ne ake fitarwa daga duka, kuma ido yana ganinsa sarai. Amma da zarar yankunan sun wuce huɗu, ko suka yi kusa da juna a girma, ko tambayar ta koma "wa ya fi wa?", a ajiye faifai a ɗauki sanduna.

Idan tambayar "a ina?" ce, taswira ake nema. A shekarar 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida ya tattara wuraren da aka yi rashi, ya gano yawancin mamatan daga famfo ɗaya suke shan ruwa, ya shawo kan hukuma aka cire hannun famfon. Taswirar da ya buga daga baya ta nuna mace-macen sun taru a kewayen wannan famfo. Ma'aikacin lafiya ko mai unguwa a ƙauyukanmu zai iya yin irin wannan a kan takarda ɗaya: ya zana hanyoyi da rijiyoyi, ya ɗiga ɗigo a kowane gidan da aka sami amai da gudawa. Faifan da ya raba marasa lafiya unguwa-unguwa ba zai taɓa nuna rijiyar da ta gurɓace ba.

Hakkinku a wurin taro

Yawancinmu ba mu ne ke zana waɗannan abubuwa ba, kawo mana ake yi. Amma kuɗin ƙungiya namu ne, takin da ake rabawa namu ne, alƙaluman rigakafi na 'ya'yanmu ne. Saboda haka idan sakatare ya ɗaga takarda mai faifai yanki takwas yana bayanin yadda aka kashe kuɗi, ba rashin ladabi ba ne dattijo ya ce: "Allah gafarta Malam, a taimaka a jera mana su daga babba zuwa ƙarami, a rubuta kuɗin kowanne a gefensa." Ba raini ba ne uwa ta ce wa ma'aikaciyar lafiya: "'Yata, wannan na wace shekara ne, kuma yara nawa ne duka?" Mai gaskiya zai ji daɗin irin wannan tambaya, domin minti biyar ya ishe shi ya ja sandunan a allo da alli. Ku riƙa tambayar jimilla musamman. Kashi 50 cikin ɗari na naira dubu 20 da kashi 50 na naira miliyan biyu, a faifai kamarsu ɗaya.

Aikin aji da na gida

A aji, ku sake zana sandunan ƙananan hukumomin masarautar Daura a littafinku mai gida-gida, amma wannan karon gida ɗaya ya tsaya a madadin mutum dubu 10. Sandar Daura za ta ci gida 22. Ku fitar da na sauran huɗun da kanku, ku lura da wadda za ta ƙare a rabin gida. Bayan haka ku zana misalin manomin nan da sanduna biyu-biyu, ku ƙirƙiro masa adadin dawa da wake da gyaɗa da riɗi, muddin jimillar bara ta tashi 20, ta bana 30. Sannan ku tattauna da na kusa da ku: wane irin zane ya dace da yawan ɗaliban da suka zo aji kowane mako, wanne ya dace da rabon kuɗin adashe tsakanin mutum biyu?

A gida, kowa ya ɗauki wani lissafi nasa na gaske mai abubuwa huɗu zuwa shida: damman da aka ɗaure a kowace gona, ko kuɗin cefane na mako, ko dabbobin da ke garke. Ya zana shi da sanduna daga sifili, a jere, da suna da adadi da kwanan wata. Ku zo da shi darasi na gaba. Malami zai miƙa zanen kowa ga wanda bai san lissafin ba. In ya faɗi wanda ya fi yawa da wanda ya fi ƙaranci ba tare da an yi masa bayani ba, zanen ya yi. In ya tsaya lalube, sai a sake shi.